Zauren Iyaye Mata

A ƙarshen damunar bara, sa'ad da wata lalurar zumunci ta mai da ni garinmu bayan na daɗe ban leƙa ba, na tsaya a ƙofar gidan da aka yanke mini cibiya na rasa ta inda zan shiga, domin zauren nan namu mai ɗaurin guga, wanda kakanmu ya gina da tubali, aka gaje shi ana yi masa yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, an rushe shi an fid da shaguna uku a gurbinsa, na tela, da na mai cajin waya, da na mai sayar da magani, aka bar wata 'yar ƙofar ƙarfe a gefe wadda sai mutum ya karkata kafaɗa kafin ya wuce. Ban ga laifin kowa ba. Gara ta riga ta ci azara, maginan da suka san sirrin irin wannan gini sun ƙare, kuɗin hayar shagunan kuwa da su ake ɗinke ɓarakar gidan.

Da daddare, bayan an yi sallar lisha, muna zaune a tsakar gida da 'yar ƙanena, wadda ta zo da ɗanta mai shekara tara, sai na ji ta ce wa mahaifiyarta, "Ai a zaure aka ce mini in daina tilasta masa karatu in ya gaji." Na ce, "Ke 'yar nan, wane zaure kuma, bayan wanda na sani an mai da shi shago?" Ta yi dariya ta ɗaga wayarta, ta ce, "Baffa, namu zauren a nan yake, na WhatsApp. Mu iyayen yaran da karatu ke yi wa wuya ne a ciki." Wannan kalma ta tsaya mini a rai har na kasa barci, saboda a zamaninmu zaure wurin maza ne, mace ba ta zama cikinsa, in ma dole ta sa ta ratsa sai ta tuɓe takalmi ta wuce da sauri kanta a sunkuye; ga shi yau an rushe na maza, mata sun gina nasu a inda gara ba ta kaiwa.

A wancan zaure aka ɗora mini alƙalami. Har yanzu in na rufe ido ina jin warin jiƙaƙƙen allo da aka jingina a bango, da ƙanshin tawadar gawayi da ƙaro, da hayaƙin karan dawa da muke hurawa a ƙofar gida don karatun dare, ina kuma ganin dorinar Malam rataye bisa kansa, wadda ko ba a taɓa ta ba inuwarta ta isa wa'azi. Muna rera sunayen babbaƙu, alu, ambaki, wau, zal, kowa na ɗaga murya don ya danne ta ɗan'uwansa. A cikinmu akwai wani ɗan baffana, wanda ya girme ni da shekara biyu, amma na shiga farfaru na bar shi a babbaƙu, na fara hadda yana nan inda na bar shi. Abin mamaki a sha'aninsa shi ne, in aka biya masa da baki, kunnensa ya ɗauka, ba ya mantuwa, har yakan gyara wa waɗanda suka fi shi nisa; amma da zarar an ajiye masa allo an ce ya nuna da tsinke, sai haruffa su rikice masa, ya kasa raba ba da ta, ko jim da ha, alhali ba abin da ya raba su sai ɗigo, ɗigon kuwa a idonsa kamar ƙuda yake, ba ya zama wuri ɗaya. An yi masa rubutun sha, an ba shi zuma da zabibi da safe kafin ya ci komai, an kai shi wurin wani alaramma a wani gari, ya dawo da tabon bulala a baya da kuma suna na gori da muka laƙaba masa, wanda ba zan rubuta shi a nan ba, don yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa kiransa da shi.

Daga ƙarshe mahaifinsa ya ce ilimi rabo ne, kowa da inda Allah Ya ajiye masa abincinsa, ya kama hannunsa ya damƙa shi ga wani magini. Can ne aka ga abin da allo ya ɓoye. Yaron da bai iya raba ɗigon sama da na ƙasa ba, sai ga shi yana duban bango sau ɗaya ya faɗi inda ya karkace, yana taka ƙasa da ƙafa ya san ko ta sha ruwa ta ƙoshi, bai kai shekara ashirin da biyar ba ana aiko masa daga ƙauyuka. Ya yi aure, ya haifu, ya je Makka da guminsa, kuma shi ne ya riƙe yaɓen zauren da aka dake shi a ciki har ƙarfinsa ya ƙare. Duk wanda zai yabi zamanin da, to ga hujjarsa a nan, ni ma ba na musunta: duniyar nan ta da tana da ƙofofi da yawa, ƙira da saƙa da rini da dukanci da kiwo da fatauci, wanda allo ya ƙi shi ba a ce ya lalace ba, ɗa kuwa na kowa ne, duk ɗakin da ya shiga a cikin gida zai tarar da tuwo.

Amma fa akwai wadda ba a lissafa ta cikin wannan riba, watau mahaifiyarsa, matar baffana. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka bisa al'ada ko sunansa ba ta faɗi, balle ta tsaya ta kare shi a gaban mutane. In ana daka a tsakar gida habaici yakan fito tare da amon taɓarya, wata ta ce nono ne, wata ta ce ai dangin uwa ake bi, ita kuwa ba ta da ikon tankawa, domin alkunya ta ɗaure mata baki. Na tuna wata rana da aka aike ni madafa ɗebo wuta, na tarar da ita tsugune gaban murhu hawaye na zuba, da ta gan ni sai ta goge da bakin zane ta ce, "Itacen nan ɗanye ne, hayaƙinsa ya dame ni." Na duba murhun, garwashi ne jajir, ba hayaƙi ko kaɗan. Mata fiye da goma ke cikin gidan nan, ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ta shekara ashirin tana haɗiye nata ita kaɗai. Nata ma mai sauƙi ne in an kwatanta da na matan da suka haifi yaran da wuyansu bai tsaya ba, ko bakinsu bai buɗe ba, waɗanda ake raɗa cewa 'yan ruwa ne aka yi wa uwar musanye, a ɓoye su a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo suna.

Ni kaina ina da nawa kason na alhaki, wanda ya fi na ƙuruciya nauyi. A shekarar 1976, lokacin da gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwaso yara daga kowane lungu aka zuba a azuzuwa, ina cikin samarin da aka ba alli aka ce su koyar, ga ni da yara sun haura tamanin a aji ɗaya, waɗansu a benci, galibinsu a ƙasa. Boko kuwa ya zo wa ɗan Bahaushe da tarko nasa na musamman, domin inda ɗan Bature ke fama da b da d, namu an ƙara masa ɓ da ɗ, haruffa huɗu 'yan gida ɗaya, kowane sanda ce da tumbi, bambancinsu kawai ta wane gefe tumbin ya faɗa, da ko sandar ta yi lanƙwasa a ka. Akwai wani yaro mai fara'a, gwanin lissafin ka, wanda in na ce ya rubuta baba sai ya rubuta dada, in na gyara masa yau gobe ya koma, ni kuma na ɗauka raini ne da taurin kai, na sa shi a gaba da tsumagiya har fara'ar ta bar fuskarsa, ya fara ƙaryar ciwon ciki, daga bisani ya daina zuwa, na ja layi a kan sunansa cikin rajista ban ko aika a tambaya ba. Sai da furfura ta fito mini na karanta a Muƙaddimar Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, babin da ya yi bayanin cewa tsananta wa ɗalibi cutar da shi ne, yana kashe masa himma ya kuma koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke bisa kansa. Na ajiye littafin, na ga fuskar yaron nan ƙiri-ƙiri.

'Yar ƙanena ce ta fara gaya mini cewa abin yana da suna, wai disleksiya, a zaurensu ta ji shi. Da na bi diddigi sai na tarar sunan ya girmi kakana: wani likitan ido a birnin Stuttgart na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya ƙirƙiro shi a 1887, sa'an nan a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya buga bayanin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, idonsa lafiya lau, wanda rubutu ya gagare shi, har malaminsa na ganin da a ce da baki kaɗai ake koyarwa da ba wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Ashe ɗan baffana yana da ɗan'uwa a can tun ba a haife shi ba. Illar ba ta ido ba ce, ba kuma ta hankali ba. Tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa sautin magana da alamar da aka rubuta, takan bi jini, ba ta da alaƙa da nono ko lalaci, kuma bulala ba ta taɓa warkar da ita ba.

Wani abu da na lura da shi cikin tarihin wannan mas'ala shi ne, likitoci sun ba ta suna, amma iyaye ne suka fid da ita daga ƙuryar ɗaki. A 1946 wata mata a Ingila, Judy Fryd, wadda makarantu suka ƙi riƙe 'yarta, ta aika da wasiƙa ga wata mujallar renon yara tana neman iyaye masu irin halinta, amsoshi suka yi ta zuwa, daga nan aka kafa ƙungiyar da yau ake kira Mencap. A 1963 kuma, a wani taro da iyaye suka kira a birnin Chicago na Amurka, wani masanin tarbiyya, Samuel Kirk, ya ba su laƙabin da zai tattara matsalolin koyo iri-iri a inuwa ɗaya, suka kafa ƙungiya a kansa. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji, mata dattijai da ke kai ilimi ga 'yan'uwansu mata a ƙauyuka, waɗanda ake kira 'yan taru, saboda ta fahimci cewa akwai maganar da mace ba ta karɓa sai daga bakin mace. Wayar hannu, wadda ta shigo Najeriya a 2001, abin da ta ƙara shi ne ta rage tafiyar, ta kuma ɗauke kunyar haɗa ido.

Da izinin 'yar ƙanena, da kuma sharaɗin ba zan tambayi sunan kowa ba, ta kunna mini kaɗan daga abin da ake faɗi a zauren nasu. Galibinsu ba rubutu suke yi ba, murya suke aikawa, wanda ya sa wadda ba ta yi boko ba ma tana da baki, kuma an fi yin hirar bayan yara sun yi barci, kana jin kukan gyare ko ƙarar janareta a bayan magana. Akwai ta Kano, da ta Maraɗi, da wadda ke aure a Kumasi, da wata a Jidda. Lalurorin ma ba iri ɗaya ba ne: wata ɗanta karatu ne kawai ya tsaya masa, wata nata ba ya zama wuri ɗaya, wata shawara ce ta kama jaririnta a makon haihuwa aka tsaya jiƙe-jiƙe har ta taɓa ƙwaƙwalwa, wata sanƙarau ne, wata kuma daga Zamfara take, inda gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, ta bar waɗansu da rauni a fahimta. Na ji wata sabuwar shiga, muryarta na rawa, tana cewa makaranta ta uku ke nan aka ce ta zo ta ɗauki ɗanta, uwar mijinta kuma ta ce asiri ne. Kafin minti goma amsoshi sun fi ashirin. Wata ta ce, "'Yar'uwa, share hawayenki, nawa ma haka yake, yanzu yana aji biyar." Wata ta gaya mata yadda za ta yi wa hedimasta magana ba tare da faɗa ba, wata ta ce a fara kai shi a duba kunnensa da idonsa kafin komai. Wannan jimla, nawa ma haka yake, ita ce matar baffana ta mutu ba ta taɓa jin wani mahaluki ya faɗa mata ba.

Duk da haka ba zan ce zauren nan aljanna ba ne, ita ma 'yar ƙanena ba ta ce ba. Inda duk aka tara masu neman sauƙi, masu neman kuɗi na biye, sai ka ji an shigo da tallar garin buɗe ƙwaƙwalwa ko wani ruwa a gora mai tsadar gaske, uwar da ta gaji ta sayar da ɗan kunnenta ta saya. Waɗansu kuma daga jin bayani na minti biyu sai su yanke wa ɗan wata hukunci su laƙaba masa sunan cuta, kamar sun yi karatun likita. Sirri ma amana ce mai wuyar riƙo a wurin da ake iya tura muryar mutum zuwa ko'ina da ɗan yatsa, ta ce an taɓa yin haka har aure ya girgiza. Wadda ke ƙauye, ba babbar waya, ba kuɗin data, tana nan inda matar baffana take. Iyaye maza kuwa, ta ce ba su kai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, su ma ba sa magana. Uba yakan biya kuɗin makaranta ya ɗauka ya sauke nauyi, ko ya ce a bar yaro zai yi hankali. Babban gibin kuma shi ne, murya ba ta da hannu. Ranar da 'yar ƙanena ta kwanta zazzaɓi a gidan hayarsu na birni, ɗaki biyu da katanga mai tsawo, addu'o'i sun fi ɗari a wayarta, amma ba wadda ta iya riƙe mata yaron na awa ɗaya, abin da a tsohon gidanmu kishiya mai habaici ma za ta yi ba tare da an roƙe ta ba.

Abin da ya fi damuna ma ya shafi yaron ne fiye da uwar. Ɗan baffana ya rasa allo ya sami gini, shi kuwa wannan yaro an haife shi a zamanin da kusan kowace ƙofa takardar shaida ke buɗe ta, ana jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kowane zango ana karantawa a gaban iyaye, ko tela sai ya iya karanta saƙon da aka turo masa. An sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairun 2019, akwai kuma kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a garin Oyo, da sassa a jami'o'i irin su Bayero da Jos, amma malamin da ke tsaye gaban yara tamanin a makarantar unguwa, da wuya ya fi ni na 1976 sanin abin da ke gabansa. Saboda haka uwa ta zama malama, ta zama lauya, ta zama mai bincike, da abin da ta tsinta daga bakin 'yan'uwanta cikin dare.

Washegari da hantsi 'yar ƙanena ta ce, "Baffa, tunda kai malami ne, ga almajirinka." Ta ce a zaure an koya musu a bar yaro ya zana harafi babba da yatsa a kan yashi yana faɗin sautinsa, kada a haɗa masa masu kama da juna a rana ɗaya. Na yi murmushi, don haka muke yi a ƙasan zaure tun kafin a ba mu allo, sai dai yanzu an shafe tsakar gidan da siminti, dole ta aiki yaro ya ɗebo yashi a inda ake wani gini, ta zuba a farantin silba. Muka zauna a inuwar bayan shagon tela, kekensa na ta sukuwa ta cikin bango. Na kama yatsansa, mai ɗumi, yana ɗan karkarwa, na ja sanda daga sama zuwa ƙasa, na zagayo da tumbi ta dama, na ce, "Ba." Ya ce, "Ba." Muka yi sau bakwai, na sake shi ya yi da kansa, sai ya kai tumbin hagu. Kafin in buɗe baki ya janye hannunsa ya ɗaga kafaɗa ya kare kunne, ya runtse ido yana jira.

Na ce, "Ba komai, ɗan nan, yashi ne." Na girgiza farantin, harafin ya ɓace, na miƙa masa.